Lambar da Ba Ta Kama Ba a Rijiyar Tsamiya

Zuwa ga shugaban masu lambar agana da ake aikowa ƙauyukan ƙasar Gumel.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da tambayar lafiyarka da ta iyalinka da ta duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Allah ya ja da ranka. Bayan haka:

Ni ne Mamman Wanzami, mutumin Rijiyar Tsamiya, wani ɗan ƙauye da ke kusa da Gagarawa. Ban iya rubutu ba. Limaminmu ne ya riƙe alƙalami, ina faɗa yana rubutawa, na kuma roƙe shi kada ya gyara mini magana ko da ta yi kaushi. Na sa ya yi takardar nan kashi uku: ɗaya taka, ɗaya a karanta a ƙofar masallacin Gagarawa ranar Juma'a, ɗaya kuma a kasuwar Maigatari. Ba don in kunyata kowa na yi haka ba. Abin da ya same mu zai iya samun wani ƙauyen, gara su ji.

Zan fara da godiya, don ita ta fi yawa a raina. Agana ta shigo garinmu bana, ta fita, ba mu kai kowa makabarta ba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin haka ba. Jikokina uku suna nan, fuskokinsu sumul, idanunsu ƙalau. Da safen nan ma ƙaramarsu, Ladidi, ta zo ta tsugunna gabana tana nuna mini tabon da ke damtsenta, wai in duba ko ya ƙara girma. Wannan alheri ne daga Allah, ta hannun mutanenka ya zo. Amma akwai abubuwan da suka tsaya mini a wuya, in ban faɗe su ba ban yi maka adalci ba.

Kafin in faɗe su, ya kamata ka san wanda ke magana. Wanzanci na gada, zabirar ubana ce a kafaɗata. Babu gidan da askata ba ta shiga ba a garin nan da rugagen da ke kewaye da mu: ni ke askin suna, ni ke kaciya, ni ke ƙaho. Na kuma san agana sani na baƙin ciki. Shekaru kaɗan bayan babbar yunwar nan ta shiga gidana, ta ɗauke mini 'ya'ya biyu cikin kwana tara. Matata Kande ta tashi, amma ta tashi da zanzana a fuska, idonta na hagu kuma ya mutu. Tun daga lokacin ba ta son fita cikin mata. Saboda haka da Bulama, mai garinmu, ya tara mu ya ce za a aiko mai lamba, a yi wa yara da manya kyauta don kada agana ta kama su, ni ban tsaya shawara da kowa ba.

Mutane kuwa sun tsorata. Wasu suka ce ƙirga kawuna za a yi don a ƙara haraji. Wasu suka ce duk wanda aka yi wa alamar, shi za a zo a ɗauka aikin hanya. Wasu suka ce abin Nasara ne, ba a san abin da ke cikin kwalbar maganin ba. Bulama ya ce mini, tunda ana jin maganata a cikin gidaje, in taimaka. Na bi gida gida har kwana huɗu. Na ce musu ga Kande nan, kowa ya san yadda fuskarta take a da. Na ce jikokina za a fara yi wa a gaban kowa, in da cuta a ciki ta fara da gidana. Da mutuncina na tara mutanen nan, ranka ya daɗe, ba da wani abu ba.

Abu na farko da nake kuka a kai shi ne zuwan mai lamba na farko.

Ba zan faɗi sunansa ba, ka san wanda ka aiko. Ya iso mana a tsakiyar bazara, bayan azahar, lokacin da ko jaki ba ya son taka ƙasa. Maganin yana cikin wani ɗan akwatin ƙarfe a bayan jakinsa, babu ko tsumma a kai. Da na taimaka aka sauke shi sai da na saki, don ya ƙona mini hannu. Shi da kansa ya ce kwana biyar ke nan yana yawo da shi ƙauye ƙauye. Tare da shi akwai wani mai rakiya da bulala. Mutanen da na lallaso da baki, suka zo da ƙafafunsu, sai ga shi ana daka musu tsawa ana jera su a rana kamar waɗanda suka yi sata. Wata tsohuwa ta ce a bari ta kai jikanta inuwa, aka ɗaga mata bulala. Ba a doke ta ba, gaskiya, amma an ɗaga. Na haɗiye wannan, na miƙa jikokina. Ya tsattsaga musu damtse, ya shafa ruwan kwalbar, ya bi sauran da sauri. Kafin la'asar ta yi sanyi ya ɗaura akwatinsa ya tafi. Bai gaya wa kowa abin da za a gani a wurin ba, bai kuma ce zai dawo ba.

To, ni wanzami ne, fatar mutum ita ce gonata. Ubana yana yin wani abu mai kama da wannan a zamaninsa: yakan ɗebo ruwan ƙurjin wanda agana ta yi wa da sauƙi, ya tsaga hannun mai lafiya ya shafa. Wasu sukan tsira, wasu kuwa ita ce ajalinsu, shi ya sa ni ban taɓa yi ba. Amma na koyi abu ɗaya a wurinsa: in wurin bai tashi ya yi ƙurji ba, ba a yi komai ba. Na riƙa duba damtsen jikokina kullum. Kwana uku, shiru. Kwana biyar, tsagar ta kame. Ranar ta takwas ta warke sarai, kamar ƙaya ce ta karce su. Na zaga gari ina ɗaga hannun rigunan yara. Ko ɗaya bai tashi ba.

Mutane murna suke yi, suna cewa ashe abin ba shi da wuya. Ni kuwa na san lambar ba ta kama ba. A makon nan ne fataken da suka dawo daga kasuwar Maigatari suka ce agana tana cin mutane a wasu ƙauyukan Damagaram, har ta fara tsallakowa. Ga gari guda yana zaune yana ganin an tsare shi, alhali ba a tsare shi ba, ni ne kuma na ce musu su amince.

Abu na biyu shi ne abin da na tarar a Gumel.

Na gaya wa Bulama, ya ce shi ba zai iya kai ƙarar aikin hukuma ba, amma bai hana ni zuwa ba. Na tashi da asuba, na yini a hanya da ƙafa. Washegari na sami gidan da mutanenka suke sauka. Mai tsaron ƙofa ya tambaye ni sana'ata, na gaya masa. Ya yi dariya ya ce, "Wanzami, kishi ne ya kawo ka. An zo da askar da ta fi taka." Na ce ba kishi ba ne, a ba ni wanda zan yi wa bayani. Ya ce in jira. Na jira yini guda a gindin wata ɗorawa. Washegari na koma, ya ce ba ka nan, mai lambar ma ya tafi wajen Sule Tankarkar da akwatinsa. Da na ji haka na san can ma abin da za a yi musu ke nan. Na haura shekara sittin, ranka ya daɗe. Ban zo roƙon komai ba. Labari na kawo wanda ya kamata a ce ku ke nemansa, aka bar ni kwana biyu a waje.

A rana ta uku Allah ya kawo Malam Isa, ɗaya daga cikin masu lambarka. Shi zan faɗi sunansa, don ya cancanci a faɗa. Ya fito zai tafi masallaci ya gan ni, ya ce, "Baba, tun shekaranjiya nake ganinka a nan, lafiya?" Ya tsugunna, ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Ya tambaye ni a ina aka ajiye maganin, kwana nawa ya yi a hanya, yaya wurin ya yi a rana ta biyar. Da na ba shi amsa ya ce gaskiyata ce, zafi yana kashe maganin, wanda aka shafa mana ruwa ne kawai. Ya ce akwai sabo da ake jira daga Kano, da ya iso garinmu zai fara zuwa. Ban san abin da ya gaya maka ba, ban kuma san ko kai ka ba shi izini ba. In kai ne, Allah ya saka maka.

Na koma gida da labarin da ba wanda yake son ji. A nan na sha magana. Aka ce na sa an tsaga musu 'ya'ya a banza, yanzu kuma ina so a sake. Wani maƙwabcina, Tanko, mai zuwa Maigatari sayen kanwa, ya ce a gaban jama'a ko nawa aka ba ni. Gidaje biyu suka haihu a kwanakin nan, aka kira wanzamin wani ƙauye ya yi askin suna. Tun da na ɗauki zabira ba a taɓa yi mini haka ba.

Bayan kwana goma sha ɗaya Malam Isa ya iso, da hantsi, shi kaɗai, babu mai bulala. Maganin yana cikin wani ɗan tulu, an naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, yana tsayawa a kowace rijiya yana sake jiƙa shi. Ya ce da sassafe kawai yake tafiya, rana na ɗagawa sai ya nemi inuwa. Ya zauna a zauren Bulama. Muka jira har azahar, ba wanda ya zo sai ni da jikokina.

Kande ce ta warware mana. Ban aike ta ba, ban ma san ta fita ba. Matar da ta yi shekaru ba ta zuwa biki ba ta zuwa suna, sai ga ta ta ɗaura zane ta shiga gidajen mutane. Daga baya matan suka gaya mini abin da ta riƙa yi. Takan zauna a tsakar gida, ta yaye mayafinta, ta juyo musu da mataccen idon, ta ce su duba da kyau. Ta kira musu sunayen 'ya'yanmu biyu. Ta ce ita da an ce a tsaga mata su sau goma, da ta miƙa. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Kafin la'asar zauren ya cika da mata da yara, har wasu a waje. Matan da ba sa fita kuwa, Malam Isa ya yarda ya bi su har soron gidajensu, Kande tana riƙe musu hannu, mazansu suna tsaye. Kowa ya gama da shi sai ya gasa 'yar askarsa a wuta kafin ya taɓa na gaba. Ya kuma yi wa kowa bayani: wurin zai tashi, zai yi ruwa, jiki zai yi zafi, kada a sosa, kada a shafa toka ko kashin shanu. Ya ce bayan kwana takwas zai dawo ya duba.

Ranar ta huɗu na ga ɗan ƙurji ja a damtsen Ladidi. Ranar ta shida ya yi ruwa. Ta yi zazzaɓi, kaluluwa ta fito mata a hammata, ta ƙi tuwo, tana kuka. Uwarta tana share hawaye, ni kuwa na koma bayan ɗaki na yi sujada. Ban taɓa zaton zan yi murna da ciwon jikata ba. Ranar ta takwas Malam Isa ya dawo kamar yadda ya ce, ya duba kowa ɗaya bayan ɗaya, 'yan kaɗan da tasu ba ta kama ba ya sake musu da ragowar da ke kwalbar.

Ba a yi wata guda ba agana ta iso. Tanko ta kama. Shi ne ranar lamba ta biyu ya shige rumbu ya ɓuya, ya kuma hana iyalinsa zuwa, sai dai matarsa ta fitar da yaran ta bayan danga ta kawo su bai sani ba. Ya dawo daga Maigatari da ciwon kai da ciwon baya, kwana uku ƙuraje suka feso. Na je na gan shi, na gane ta tun daga bakin ƙofa, warin ma ban manta shi ba. Aka yi masa bukka a bayan gari, Kande tana kai masa kunu tunda ita ta riga ta yi. Muka zauna muna ƙirga kwanaki, muna kallon 'ya'yansa huɗu da suka kwana ɗaki ɗaya da shi, suka sha ruwa a moɗa ɗaya da shi. Mako ɗaya, mako biyu, mako uku. Ko ciwon kai babu wanda ya yi. Wasu mutum biyu da su ma suka ƙi lambar suka kwanta, Allah ya tashe su. Tanko ma ya tashi, da zanzana har cikin kunne. Da ya sami ƙarfi ya aiko a kira ni in yi masa aski. Na je. Da na gama ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa. Na ce ya wuce.

Abu na uku shi ne mafi nauyi, shi ne kuma ainihin abin da ya sa na nemi liman da alƙalaminsa.

Arewa da mu, tafiyar da ba ta kai ta hantsi ba, akwai rugar Arɗo Buba. Shekara da shekaru suna rani a nan, shanunsu suna kwana a gonakinmu, matansu suna kawo mana nono kullum. Ni ke yi wa 'ya'yansu aski. Mai lamba na farko bai je ba, ya ce ba sa cikin takardar sunayen da Bulama ya bayar. Malam Isa ya so zuwa, amma gwargwadon mutanen da ke cikin takardar aka auno masa maganin, ya ƙare a kanmu. Ya ce zai nemo ƙari. Na san ya nema, don ya aiko mini da saƙo cewa an ce masa a jira wani zagayen. Arɗo da kansa ya zo har gidana ya tambaya, na ce masa ya yi haƙuri, ana zuwa. Ba a zo ba. Agana ta riga ku. Ta ɗauki 'yarsa Inno, yarinya mai shekara bakwai, wadda ni na yi mata askin suna. Ta ɗauki wani jariri. Ta bar wani saurayi makaho. Na je gaisuwa, na rasa inda zan sa idona. Mu muna nan muna hamdala, su suna haƙa kabari, tsakaninmu gona uku. Ciwon nan bai duba takardar Bulama ba, ranka ya daɗe. In da an aiko da mai kyau tun farko, da wanda aka kashe wajen sake mana ya ishe su.

Ga abin da nake roƙo.

A daina aiko da magani cikin akwatin ƙarfe a tsakiyar bazara. A zo bayan an gama girbi, lokacin sanyi, mutane suna gida, hanya ba ta ƙuna. In dole ne a zo da zafi, a yi yadda Malam Isa ya yi.

Duk wanda ya yi lamba ya dawo ranar ta takwas ya duba. In ba zai iya ba, a nuna wa wanzaman ƙauyuka yadda mai kamawa take, mu duba mu aiko da labari, a kuma gaya wa mai tsaron ƙofa ya bar mu mu shiga. Ba ma neman lada. A kuma aika Sule Tankarkar da duk inda akwatin nan ya bi, a ɗaga hannun rigunan yara a gani. Wannan kada a jinkirta shi.

A bar bulala a gida. Mutanen ƙauye ba sa ƙin abin da zai amfane su, tsoro suke ji, tsawa kuwa ƙara shi take yi. A aiko da saƙo ta bakin liman kwana biyu kafin a zo, a kuma nemi wata dattijuwa a kowane gari ta shiga wa mata.

Sannan a sa rugage cikin lissafi. A tambayi Bulama Fulani nawa ke zaune a ƙasarsa, a auno da su.

Ban nemi a hukunta mai lamba na farko ba. Wataƙila shi ma ba wanda ya gaya masa zafi yana kashe maganin. A koya masa. Malam Isa kuwa, in akwai wani girma da ake ba mutum a wurinku, a ba shi.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya sa aikin nan ya zama sanadin samun rahamarka. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya kiyaye mana waɗanda suka rage.

Na gaya wa Arɗo Buba zan aiko maka da takarda, na tambaye shi ko yana da abin da za a sa. Na yi zaton zai yi ƙorafi, bai yi ba. Ya ce a gaya maka suna nan a inda suke har ruwan farko ya sauka, daga nan za su yi arewa da shanu, ba za a same su ba sai kaka. Ya ce akwai sauran yara tara a rugar da ciwon bai taɓa ba. Ya ce duk ranar da aka zo, ko suna wurin kiwo, a aika, zai tattaro su da kansa. Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, ranka ya daɗe.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Mamman Wanzami, Rijiyar Tsamiya, ta hannun limamin gari.